Makullin Bindigar Baba

Ɗalibanta suna kiranta Malama Birki, amma a bayan idonta, don a gabanta babu mai wannan ƙarfin halin. Sana'arta koyar da tuƙi, kuma motar koyon birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a ƙafar malama. Sai mutum ya ɗauko gudu yana jin kansa, ya nufi katangar mutane gadan-gadan, kawai ya ji mota ta tsaya cak. In ya waiwaya sai ya ga Malama tana duba farcenta kamar ba ita ba. A gida kuwa sunanta Auta, duk da ta ba arba'in baya, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Mutum ɗaya ne yake kiran wannan suna ta taso da sauri, shi ne mahaifinta.

Baba tsohon kafinta ne, irin waɗanda in suka haɗa ƙofa sai dai gidan ya rushe ya bar ta a tsaye. A lungun da ke tsakanin falo da kicin akwai wani dogon kabad da ya yi da hannunsa, katakon ya yi baƙi saboda shekaru da shafar mai. A ciki bindigarsa take, mai baki biyu, da lasisinta da komai, harsasai kuma suna cikin wani ƙaramin akwati a saman kanta. Makullin yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Ko wanka zai shiga, da shi yake shiga.

Auta ba ta manta dalilin bindigar ba, don a gabanta aka yi. Tana 'yar firamare wasu ƙatti suka shigo gidan da rana tsaka, suka durƙusar da Mama a tsakar gida, suka tuɓe mata 'yan kunne, Baba yana tsaye yana kallo babu ko sanda a hannunsa. Unguwar a ƙarshen gari take, inda kwalta ta ƙare. 'Yan sanda sun zo, ba a ce ba su zo ba, amma sai bayan an share gilasan da aka farfasa. Baba bai yi dogon surutu ba. Ya bi layi ya nemi izini, ya koyi harbi a inda ake koya, ya sayo bindiga, ya haɗa mata kabad. Tun daga ranar har ya tsufa bai taɓa harbin ɗan Adam ba. Sau ɗaya wasu suka kama katanga za su hauro, ya tsaya a bayan ƙofa ya rufe bindigar da ƙarfi, ƙas, suka ji, suka fasa ziyarar.

Doka guda gare shi, wadda ya sa wa suna kiran gida. Kafin makulli ya shiga kabad, ko goge bindigar kawai zai yi, sai ya tsaya ya faɗi mutanen gidan da ƙarfi, kowa da inda yake. "Ni ina nan. Uwar yara tana kicin. Babba yana makaranta. Auta tana ƙarƙashin tebur tana satar sukari." Suna yara dariya abin yake ba su. Shi kuwa ba da wasa yake yi ba. "Bindiga ba ta san ɗanka ba," in ji shi, "kai ne ka san shi. In ba ka san inda yake ba, mayar da makullin wuyanka ka je ka nemo shi."

Bayan rasuwar Mama aka yi aka yi Baba ya koma wurin ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ya ce ba inda za shi. Sai Auta ta tattaro ta dawo gidan, ita da mijinta da 'yarsu. Mijin mai gyaran firiji ne, ana ce masa Mai Sanyi, kuma sunan ya bi shi har cikin hali, don ko gobara ta tashi sai ya gama ɗaura agogonsa. 'Yar kuwa Aku ake ce mata, saboda tun da ta fara magana ba ta huta ba. Mai Sanyi ba ya son bindiga, in zai wuce kabad ɗin ma raɓawa yake yi ta ɗaya bangon. Amma bai taɓa cewa uffan ba, gidan surukinsa ne.

Mantuwar a hankali ta shigo. Yau a tsinci kofin shayi a cikin akwatin ƙusoshi, gobe Baba ya tambaya ko Mama ta dawo daga kasuwa. Wata rana suna cin abinci ya ƙura wa Mai Sanyi ido, ya matso kusa da Auta, ya rage murya.

"Wannan bawan Allah har yanzu bai gama gyaran firijin ba? Har abinci ake zuba masa?"

Aku ta fashe da dariya, Mai Sanyi ma ya yi murmushi ya ci gaba da cin abincinsa. Auta ce ba ta yi dariya ba. Likita ya riga ya gaya mata: mantuwar tsufa ce, gaba za ta yi ta yi, da safe kansa zai riƙa washewa, da yamma ya rikice. Idonta ya kai kan igiyar da ke wuyan mahaifinta.

Ta kira yayanta Babba, wanda yake wani gari mai nisa, kuma kamar duk wanda yake nesa, shawara ba ta yi masa wuya.

"Abu mai sauƙi," in ji Yaya. "In ya yi barcin rana ki zare makullin, ki kwashe harsasan, ki mayar masa. Ya riƙe bindigarsa, ku kuma ku yi barci. Ina zai sani?"

Shawarar ta yi mata daidai, don irin aikinta ce: ka bar mutum da sitiyari, kai ka riƙe birki. Ranar da ya kishingiɗa a kujerar falo baki buɗe, ta zare igiyar a hankali, ta juye akwatin harsasan a jakarta, ta mayar da komai yadda yake. Har yaba wa kanta ta yi a zuci.

Ta manta cewa Baba ba ɗalibin tuƙi ba ne. Yana iya manta abin da ya ci da safe, amma hannunsa bai manta aikinsa ba. Ranar gugar bindiga ya ɗaga akwatin ya ji shi fayau. Bai yi ihu ba, bai tambayi kowa ba. Ya dai daina cin abinci a tebur, ya fara sa wa ɗakinsa sakata, yana bin Mai Sanyi da wani irin kallo. Da Auta ta kai masa shayi sai ya kama hannunta ya ce, "Ki kula. Akwai ɓarawo a gidan nan, kuma ba daga waje yake zuwa ba." Ta ce masa babu komai, ya kwantar da hankalinsa. Ita a ganinta bindiga ba harsashi sanda ce kawai.

Wata ranar aiki ɗalibar yamma ta bugo ta ce ba za ta samu zuwa ba, Auta ta dawo gida da wuri. Tana sa ƙafa a falo ta jiyo muryarsa daga lungu, da ƙarfi, irin ta da.

"Ni ina nan. Uwar yara tana kicin. Babba yana makaranta. Auta tana bayan uwarta."

Sai ƙarar makulli. Sai ƙas.

Ta ƙarasa lungun ta same shi tsaye, gindin bindiga a kafaɗa, bakinta yana kallon ƙofar baya. Akwatin kayan aikinsa yana buɗe a ƙasa, ya ɗaga wani katako a gindinsa da ba ta taɓa sanin yana ɗaguwa ba, ga jajayen harsasai nan a jere. A daidai lokacin ƙofar baya ta buɗe, Mai Sanyi ya turo kai da kayan aiki, tukunyar gas a kafaɗa, yana 'yar waƙarsa. Ya ga abin da ke kallonsa, waƙar ta maƙale.

"Kada ka motsa," in ji Baba. "Na daɗe ina lura da kai."

Auta ta sha zama kusa da mutanen da tsoro ya sa suka taka totur a maimakon birki, ta san ihu ba ya tsayar da kowa. Muryarta ta fito daidai, irin wadda take cewa ɗalibi ya sa sigina.

"Baba, kiranka bai cika ba."

Bai waiwayo ba, amma ta ga kafaɗarsa ta motsa.

"Ka ce Auta tana bayan uwarta. Ga Auta nan a bayanka. Ka kira gida ba daidai ba, kuma ka buɗe kabad. Wa ya koya maka haka?"

Ya juyo da kai a hankali ya dube ta, mace mai furfura da makullin mota a hannu. Ta ga yana neman ƙaramar yarinya a fuskarta, ta ga lokacin da ya same ta. Bakin bindigar ya sauka ya kalli ƙasa. Ya karya ta da kansa, ya zare harsasan biyu, ya miƙa mata su kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba. Mai Sanyi ya sauke tukunyar gas, ya zauna a dokin ƙofa.

Da ya samu bakin magana, a waje ya yi ta, a jikin motar koyo.

"Maman Aku, ban taɓa cewa ki zaɓa tsakanina da Baba ba, yau ma ba zan ce ba. Amma da yarinyar nan ce ta shigo da gudu fa? Zan kai ta wurin gwaggonta, ni ma can zan zauna. Ranar da makullin nan ya bar wuyansa, ki kira ni, ko ina cikin firijin wani zan fito."

Ba ta yi musu ba, don gaskiya ya faɗa. Ta haɗa wa Aku kayanta da hannunta, ta ce mata hutu za ta je. Da motar haya ta tafi da su ta tsaya a bakin get, gidan ya yi mata faɗi, ta ji kewarsu tun ba su sha kwana ba.

Yaya ya bugo yana huci. A fasa kabad ɗin, in ji shi, ko a kira 'yan sanda su zo su karɓe ta, a huta.

"Na bi shawararka sau ɗaya, Yaya, saura kaɗan ta mayar da ni bazawara," in ji Auta. "Ba wanda zai shigo ya danne Baba a gidansa ya tsinke masa igiya a wuya. An taɓa durƙusar da mutum a gidan nan yana kallo, ba za a sake ba. Kuma bindigar ba inda za ta. A watan nan gida nawa aka shiga a layinmu? Hannu kawai za ta sake."

"Wane hannun?"

"Nawa. Kuma shi zai ba ni da kansa."

Yaya ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake faɗa wa wanda zai yi tuƙi ba taya.

Washegari da safe, lokacin da kan Baba yake a washe, ta kai masa shayi da burodi, ta zauna a gabansa ta ce, "Baba, babu ɓarawo a gidan nan. Ni na kwashe harsasan."

Ya ajiye kofin. Abin haushi, satar ya riƙe ta tsaf, amma abin da ya faru jiya a lungu ya goge kamar ba a yi ba. Ya yi mata faɗan da rabonta da irinsa tun tana budurwa. Ta sunkuyar da kai ta sha, don ta san ta ci a yi mata. Da ya gaji ta ɗago.

"Na yi laifi. Tsoro ne ya sa ni, don ban san komai a kan bindigar ba. Ka koya mini, Baba. Babba ka so ka koya wa, ya gudu. Ni ga ni."

"Ke? Mai satar sukari?"

"Na koya wa rabin garin nan tuƙi, ban kashe kowa ba."

Ya dube ta sama da ƙasa, irin kallon da yake yi wa katako kafin ya saya. Suka yi yarjejeniya a fili: bindiga da makulli a wurinsa, harsasai duka a wurinta, har da na gindin akwatin kayan aiki, sai ranar da ya gwada ta. Wasu ranakun ya manta da yarjejeniyar, ta sake faɗa masa daga farko, ya sake yin faɗan, ya sake yarda. Maganar Mai Sanyi ce kawai ta kasa faɗa. In ya tambaya ina mai surutun nan, sai ta ce tana wurin gwaggonta, ta kawo wata hira.

Duk wanda Malama Birki ta taɓa sa wa hawaye a mota, da ya leƙo lungun nan da safe ya ga an rama masa. Baba malami ne marar sassauci. "Cire yatsanki daga kunamar bindiga! Wa ya aike shi can?" "Bakinta ƙasa! Ni kike nunawa ko bango?" Ta ce ai babu harsashi a ciki, ya ce in ta ƙara faɗin haka darasi ya ƙare, kowace bindiga da harsashi a cikinta har sai idonki ya leƙa ya ga babu. Ta koyi karya ta da rufe ta, ta koyi zura tsumma a bututun, ta koyi yawan man da ake sawa. Kullum kafin a buɗe kabad shi yake kiran gida, da safe kuma yakan kusa daidai, sai dai Mama ba ta taɓa fita daga kicin ba. Auta takan yi shiru ta bar shi.

Ranakun hutu tana zuwa filin koyon harbi a bayan gari, tana koyo da bindigar wurin. Harbin farko gindin bindigar ya bangaje ta, kafaɗarta ta yi tsami har ta kasa juya sitiyari da kyau, wani ɗalibi ya tambaya ko faɗuwa ta yi, ta ce ya kalli hanya. A hankali hannunta ya faɗa. Ta bi layin da Baba ya bi shekaru da yawa da suka wuce, aka yi mata tambayoyi, aka duba lafiyarta, aka ba ta nata izinin.

Mai Sanyi yakan biyo ta makarantar tuƙi da rana, ya tsaya a inuwar rumfa har ta sauke ɗalibi.

"Ina aka kwana, Maman Aku?"

"Saura kaɗan."

"Haka kika ce wancan makon. Yarinyar nan ta ishi gwaggonta da tambayar Kaka. Ni ma katifar gidan nan ta gama da bayana."

Yana faɗa yana murmushi, amma ta ga ya rame, kuma ta san haƙurin mai sanyi ma yana da iyaka. Ta ce masa ya ƙara mata kwana kaɗan, ta san abin da take yi.

Ranar gwajin Baba ne ya zaɓe ta. Ya fito da safe ya yi wanka, ya sa rigar da yake sawa in zai je karɓar aiki, ya tsaya a lungu ya harɗe hannu a baya.

"Yau ba ni zan yi ba. Daga farko har ƙarshe ke za ki yi. Fara."

Ta tsaya a gaban kabad ɗin. Ta shirya wa komai, karyawa da rufewa da tsumma da mai, amma sai yanzu ta tuna cewa farkon aikin kiran gida ne, kuma ba a yin sa da ƙarya. Ta ja numfashi ta ɗaga murya.

"Ni ina nan. Baba yana bayana. Yaya yana garinsa, da matarsa da 'ya'yansa." Ta ɗan tsaya. "Mama tana kabarinta, Allah ya ji ƙanta."

Ta ji numfashinsa ya sauya a bayanta. Can ya ce, "Amin," a hankali. "Ci gaba."

"Aku tana gidan gwaggonta. Mijina, uban Aku, yana can tare da ita."

"Me suke yi a can? Nan ba gidansu ba ne?"

Da ta so, da ta ce hutu suka je, kuma da ya yarda. Ta juyo ta fuskance shi.

"Sun tafi ne saboda kai, Baba. Ranar nan da yamma ka kira gida, ka sa Mama a kicin, ka sa ni a bayanta, mijina kuma ba ka sa shi ko'ina ba. Ka buɗe kabad. Ya shigo ta ƙofar baya daga wurin aiki, ka ɗora masa bindiga a ƙirji."

"Ni?"

"Kai."

"Da harsashi?"

"Baki biyun duka."

Ya nemi bango da hannu ya dafa. Ta yi niyyar riƙe shi, ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon ƙofar bayan, kamar yana jiran abin ya dawo masa, bai dawo ba. Tausayinsa ya cika ta har ta ji kamar ta janye maganar, amma ba ta janye ba.

"Yaron da yake yanke mini farce," in ji shi. "Shi na nuna wa?"

"Shi, Baba."

"Yatsana fa? Yana kan kunama?"

"A'a. Yana waje."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da tafin hannu. Sai ya gyara tsayuwa, muryar malami ta dawo. "Ban ce ki tsaya ba. Kiranki ya cika. Buɗe."

Ya sunkuyar da kai ya cire igiyar, ta maƙale a kunnensa, ya fizge ta, ya sa mata a hannu. Ta buɗe, ta ɗauko bindigar bakinta yana ƙasa, ta karya ta, ta leƙa bututun biyu, ta goge, ta shafa mai, ta rufe, ta mayar. Bai gyara mata ko abu ɗaya ba. Da ta kulle kabad ɗin ta miƙo masa makullin, ya mayar da hannayensa baya.

"Rataya. Kuma ki kira yaron nan. Ki ce ina son in roƙe shi gafara da bakina, tun kaina yana wurina."

Kafin azahar sun dawo. Aku ta shigo tana zuba tun daga get, ta faɗa jikin kakanta tana ba shi labarin kyanwar gwaggo. Mai Sanyi ya durƙusa zai gaishe shi, Baba ya kama hannunsa biyu ya hana shi, ya faɗi abin da ya ce zai faɗa, bai rage komai ba. Mai Sanyi ya rasa inda zai sa idonsa, sai cewa yake, "Haba Baba, haba Baba, ya wuce." Ranar kowa a tebur ya ci abinci.

Washegari Auta tana kicin tana dafa shayi, Mai Sanyi yana neman safarsa, Aku tana rigimar ba za ta sa wannan takalmin ba, sai ga Baba a bakin ƙofa. Hannunsa yana shafa wuyansa, idanunsa a firgice.

"Auta, an sace mini makulli."

Ta rage wutar, ta goge hannu, ta jawo igiyar daga cikin rigarta ta nuna masa.

"Ba a sace ba, Baba. Ga shi."

Fuskarsa ta ɗaure. Ya miƙo hannu. "Ba ni abina."

"Kai ka ba ni. Jiya da safe, a lungu."

"Ni na ba ki?"

"Da hannunka."

Hannun ya tsaya a miƙe. Ta ga yana laluben jiyan a cikin kansa, ta ga bai same ta ba. Ta tsaya kyam, ba ta matsa gaba ba, ba ta ja da baya ba.

"Na gwada ki?"

"Ka gwada ni."

"Kin ci?"

"Ba ka gyara mini ko abu ɗaya ba."

Ya sauke hannun a hankali. "To in na ba ki, akwai dalili. Ba na yin abu ba dalili." Ya juya zai fita, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai waiwayo ba. "Gobe ma zan sake tambayarki, ko?"

"Wataƙila, Baba."

"To ki ji da kyau, tun ina iya faɗa. Ko na yi miki faɗa, ko na yi kuka, ko na ce ban haife ki ba, kada ki ba ni."

"Ba zan ba ka ba."

"Yawwa," in ji shi. "Kawo mini shayina falo."

Ta mayar da makullin cikin riga, ta juya ga tukunyar, hawaye suna zubo mata, ta zuba masa shayin da sukari yadda yake so.